Amsa ga mai tambaya kan ƙarancin potasiyom: kada a ba Inna kanwa

Assalamu alaikum ƴar'uwa, ya mai jiki? Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kin ce ta haura shekara 60, tana shan maganin hawan jini da wata ƙwaya mai sa yawan fitsari saboda kumburin ƙafa. Ta yi zawo kwana uku, yanzu ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta. Awon jini ya nuna potasiyom ɗinta ya sauka 2,9, maƙwabta kuma na cewa a jiƙa mata kanwa tunda ai ita ce "potas". Kina so ki ji ko haka ne, ko kuwa ayaba ta isa.

Maganar kanwa ce mai gaggawa. Kada a ba ta, ko ja, ko fara, ko ungurnu. Sunan ne ya ruɗi mutane. Ana ce mata potas, amma abin da ya fi yawa a cikinta sodiyom ne, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya. Ga mai hawan jini da kumburin ƙafa, wannan ƙarin wuta ne. Ɓarna ta biyu ta fi ta farko: kanwa tana kashe tsamin jini kamar yadda take kashe tsamin yakuwa, in kuwa haka ya faru, ɗan potasiyom ɗin da ya rage cikin jini sai ya gudu cikin tsoka, ƙoda kuma ta ƙara zubar da shi a fitsari. Mai 2,9 aka ɗirka masa ruwan kanwa, ƙasa zai ƙara yi. Ruwan toka ne yake da potasiyom na gaske, amma shi ma ba abin sha ba ne: yana ƙona maƙogwaro da ciki, ba kuma wanda zai iya cewa ga adadin da ke cikin ludayi ɗaya.

A takardar awo ana rubuta shi da harafin K, cikin gwajin da ake kira iyonogaram. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira milimol, a kowace lita ta jini. Mai lafiya yana tsakanin 3,5 da 5,0. Daga 3,0 zuwa 3,4 ƙarancin bai yi tsanani ba, sau da yawa ma mutum ba ya jin komai. Daga 2,5 zuwa 2,9 matsakaici ne. Ƙasa da 2,5 kuwa kwanciya ce a asibiti ba gardama. Sai dai lambar ba ita kaɗai ake dubawa ba. Saurayi mai lafiyar zuciya zai iya yawo da 2,9, amma ga tsohuwa mai ciwon zuciya ko hawan jini, wadda ƙafafunta suka riga suka mutu, 2,9 abin a koma wa likita ne yau ɗin nan.

Dalili shi ne kowace tsoka a jiki da ɗan lantarki take aiki, potasiyom kuwa yana cikin masu daidaita shi. Kusan kashi 98 cikin 100 nasa yana cikin ƙwayoyin jiki, kashi 2 kawai ke waje, a nan ake aunawa. Zuciya tsoka ce, hanji da tsoka yake tura abinci, numfashi ma da tsoka ake jan sa. In kin riƙe wannan, alamomin duk za su fito miki a fili.

Ƙarancin yakan fara nunawa daga cinyoyi. Mutum ya durƙusa ya kasa miƙewa, ko ya zauna tahiya sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya dafa gwiwa, yana hawa jikinsa kamar tsani. Hawa dakali ya zama aiki. Daga baya hannuwa su bi, mace ta kasa ɗaga taɓarya ko ɗaura kallabi. Abin lura a nan: mutuwar jikin tana kama dama da hagu daidai, baki ba ya karkacewa, magana ba ta sarƙewa, in an tsunkule shi yana ji. In ɓari ɗaya ne ya mutu ko baki ya goce, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a ruga asibiti. Akwai kuma ɗaurewar jijiyar sha-raɓa da dare, ciki ya cushe, bayan gida ya ƙi fita, ga yawan fitsari da ƙishirwa, don ƙoda ta rasa ƙarfin riƙe ruwa. In fitsari ya koma kalar shayi, tsoka ce ta fara narkewa, ƙoda na cikin haɗari.

Ga yara akwai wata alama da ke yaudarar iyaye. Yaro ya kwana biyu yana zawo, sai zawon ya tsaya cak, ciki ya kumbura kamar ganga, wuya ya saki, kuka ya yi rauni. Uwa ta ce alhamdu lillahi ya tsaya. Ba sauƙi ba ne, hanjin ne ya daina motsi. An fi ganin haka ga masu tamowa, kuma shi ya sa ruwan da ake ba su a cibiyoyin tamowa, ReSoMal, yake da ninkin potasiyom ɗin da ke cikin SRO na kowa, wato ruwan gishiri da sukari na masu zawo.

Zuciyar ita ce abin tsoro, don ba ta yin sallama. Wani zai ji faɗuwar gaba, bugu ya tsallake, ko ya yi ta fat-fat yana zaune. Wani jiri, wani suma. Wani kuwa ba abin da ya ji sai faɗuwa. Don haka a roƙi a yi wa Inna awon lantarkin zuciya, wanda ake manna wayoyi a ƙirji takarda ta fito. Canjin yakan bayyana a nan. Ki duba cikin magungunanta ko akwai digoksin, wata ƴar ƙaramar ƙwaya ta ciwon zuciya. In potasiyom ya ragu, adadin da ta saba sha lafiya lau yana iya zama guba: tashin zuciya, rashin cin abinci, gani ya koma rawaya-rawaya, bugu ya rikice. Kinin da eritromisin ma suna taɓa bugun zuciya, kada a ba ta su sai likita ya san lambar nan.

Yadda aka yi ta kai haka ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar fitsarin nan, in furosemid ce da aka fi sani da Lasilix, ko Esidrex, tana fitar da ruwa da gishiri, potasiyom ya bi su. Ƙoda kuwa gwana ce wajen tsimin sodiyom amma ba ta iya tsimin potasiyom sosai, ko ba a ci ba tana zubarwa. Zawo ya zo ya buɗe ƙofa ta biyu. Mai zawo ba ya cin kirki, sai ɗan kunu da shayi, ga zafin Maradi da gumi. Ana zuba ta biyu, ba abin da ke shiga.

Tunda wasu za su karanta, ga sauran abubuwan da ke jawo shi. Amai mai yawa, har da na masu sabon ciki. Kwalara, wadda muka gani a Madarunfa a 2018 da kuma 2021 a faɗin jihar, tana kwashe shi cikin awoyi. Magungunan wankin ciki, na kanti da na gargajiya irin su filasko, ga mai yawan sha. Ƙwayoyin ƙiba da ake saye hannun masu talla, galibi deksametazon ne: fuska ta cika, cinyoyi su mutu, sukari da hawan jini su biyo. Cin farar ƙasa da yawa, don tana riƙe potasiyom a hanji ta fita da shi. Yawan shaƙar Ventoline, maganin asma, da allurar insulin ba zubar da shi suke ba, tura shi suke cikin tsoka na ɗan lokaci. Sannan wanda hawan jininsa ya ƙi jin magani, potasiyom ɗinsa kullum ƙasa, alhali ba ya shan mai sa fitsari, a binciki wata ƴar halitta da ke saman ƙoda; tana iya fitar da sinadarin aldosteron fiye da kima, kuma maganinsa daban ne.

To me za a yi wa Inna? A kwashi duk magungunanta da kwalayensu, har jiƙe-jiƙen gida, a kai wa likita. Kada a ce "fara ce ƙarama", ƙwayoyi farare ƙanana sun fi ɗari. Shi zai yanke ko a dakatar da mai sa fitsarin har zawo ya wuce. Sau da yawa haka ake yi, amma ga mai ciwon zuciya dakatarwa da ka na iya tara ruwa a huhu. A haɗa da awon ƙoda, kireyatinin, don sai an san ƙoda na aiki ake ba mutum potasiyom. In ta suma, ko numfashi ya yi nauyi, ko ƙirji na bugawa ba tsari, ko ta kasa ɗaga kai daga matashi, ba a jira wayewar gari.

In tana iya haɗiya, ba da potasiyom ta baki aka fi so. Diffu-K ko Kaleorid na miligiram 600 yana ɗauke da milimol 8 kowace ƙwaya, likita ne ke faɗin nawa da kwana nawa. Ana sha bayan abinci da cikakken kofin ruwa, a zaune, ba a taunawa, ba a dakawa, ba a kwanciya nan take. An yi ƙwayar ne ta riƙa saki a hankali. In aka daka ta ko ta maƙale a hanya, tana iya yin gyambo. Kada kuma a ninka don an manta na safe.

Ta jijiya kuwa aikin asibiti ne kaɗai. Kwalbar allurar, mililita 10 mai kashi 10 cikin 100, giram ɗaya ce, milimol 13 da ɗoriya. Ba a taɓa tura ta kai tsaye a jijiya, tana tsayar da zuciya cikin mintoci. Cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba ta, a girgiza sosai don kada ta taru a ƙasa, ta riƙa ɗiga a hankali, yawanci ba a wuce milimol 10 a awa. Tana yi wa hannu zafi, kuma ƴan jinya na da halin murɗa abin ɗigon don ruwa ya ƙare a tafi gida. Kada wanda ya taɓa shi. Haka nan kiran mai allurar unguwa ya sa mata ƙarin ruwa a ɗaki "don ta samu ƙarfi" kuskure ne: ruwan sukari ba potasiyom a ciki, yana ma sa jiki ya saki insulin lambar ta ƙara faɗuwa, ruwan gishiri babu, ƙarin ruwan Ringer kuwa milimol 4 kacal ke cikin lita.

Don zawon, a samo SRO na leda. Leda ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba rabi ba, ba a ƙara sukari, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Akwai giram 1,5 na gishirin potasiyom a ciki, milimol 20 ke nan. Haɗin gida na ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa yana ceton rai in babu leda, amma ba shi da potasiyom ko kaɗan, sai an haɗa da ayaba ko ruwan lemu.

Ayabar da kika tambaya tana da amfani, amma ki yi lissafi. Matsakaiciya ɗaya tana da wajen miligiram 420, kusan milimol 11. In lambar jini ta sauka da maki ɗaya, abin da jiki ya rasa yakan kai milimol 200 zuwa 400. Ayaba wajen ashirin ke nan a ƙalla, kuma ƙofar da yake zuba tana buɗe. Abinci na tsarewa ne da riƙewa bayan an gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla miligiram 3510 a yini, kuma ba sai an sayi kayan tsada ba. A giram 100, dabino ya haura miligiram 650, gyaɗa wajen 700, ɗanyen wake ya wuce 1000, tsamiya ta haura 600, ayaba 358. Dankali, alayyahu, gwaba, tumatir, garin kuka da nono duk suna da rabonsu. Farar shinkafa dafaffiya ba ta kai 40 ba, don haka mai wuni kan shinkafa da mai da taliya yana cika ciki ne kawai. In Inna na da ciwon sukari, a yi hankali da dabino.

Wurin girki ake asara mai yawa. Potasiyom yana bin ruwa. A tafasa zogale ko rama, a tsiyaye, a matse kamar wanki, sannan a yi kwaɗo: rabo mai tsoka ya tafi kwata. A rage ruwan dahuwa, ko a turara, ko a zuba romon a miya. Wake a bar shi ya shanye ruwansa, dankali a dafa da ɓawonsa ko a gasa. A rage gishiri da dunƙulen miya, don yawan sodiyom na ƙara fitar da shi a fitsari.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je farmasi ya sayi ƙwayar potasiyom don yana jin kasala. Kasala na iya zama ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro ko sukari, yawan potasiyom kuwa yana kashewa kamar ƙarancinsa, alamominsu ma sun yi kama. Mai ciwon ƙoda, da mai shan Aldactone, kaptopril, enalapril ko losartan, jikinsu riƙe shi yake, diklofenak da Bactrim suna ƙara riƙewar. Ki duba ko maganin hawan jinin Inna na cikin waɗannan, don in aka tsayar da Lasilix aka bar su tare da Diffu-K, lambar na iya tsallakawa sama cikin ƴan kwanaki.

Saboda haka a maimaita awo bayan an fara magani, ranar da likita ya sa, kada a bari don ta miƙe. Wurin ɗibar jini kada ta yi ta dunƙule hannu tana buɗewa, kada robar ta daɗe a dantse, jinin kuma ya isa ɗakin awo da wuri. In ƙwayoyin jini suka fashe a kwalba, lambar takan fito sama da gaskiya. In an sha magani kwana da kwanaki ta ƙi hawa, a tambayi likita batun maganeziyom. Masu shan Lasilix da masu zawo sukan rasa su tare, kuma muddin shi yana ƙasa, ƙoda ba ta daina zubar da potasiyom komai yawan ƙwayar da aka sha.