Tsoron naƙuda ba rashin bangaskiya ba ne

Ƙanwata, sannu da fama. Kin ce cikin fari ne, ya shiga wata takwas, barci ya ƙaurace miki saboda tunanin naƙuda, har kina tambaya ko wannan tsoro alama ce bangaskiyarki ta yi sanyi. A'a, ba ta yi ba. Haihuwata uku, kuma babu wadda na shiga ba tare da gabana yana faɗuwa ba.

Dawuda da ya kashe Goliyat shi ne ya ce wa Allah, a Zabura 56:3, duk sa'ad da tsoro ya kama shi zai dogara gare shi. Bai ce ba ya tsoro ba. Ubangijinmu Yesu ma a Getsamani ya gaya wa almajiransa ransa na cikin baƙin ciki kamar ya mutu. To ke wace ce da za a hana ki rawar jiki?

A cikina na fari, kullum addu'ata ita ce in haihu irin ta matan Ibraniyawa, kafin ungozoma ta iso na sauka. Na riƙe wannan kamar alkawari. Sai daga baya na zauna na karanta Fitowa sura 1 da kyau, na ga ashe amsa ce da ungozomomin nan biyu, Shifra da Fuwa, suka ba Fir'auna da ya tuhume su don sun ƙi kashe jarirai maza. Ba alkawari ba ne da Allah ya yi wa kowace mai ciki. Da na san haka da wuri, da ban wahalar da raina ba.

Ranar ta zo, na kwana ina naƙuda. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin jariri ya fito, nawa ya tsaya a 6, bugun zuciyar yaron kuma ya fara raguwa. Likita ya ce aiki za a yi. Na fashe da kuka, na ce ban yarda ba, gani nake in aka yanka ni na kunyata Allah. Wata dattijuwar ungozoma ta riƙe hannuna, ta ce, "'Yata, Allahn da kike kira tun jiya, ai shi ne ya kawo ki hannun mutanen nan." Maigidana ya sa hannu a takarda. Ana tura ni ɗakin tiyata babu doguwar addu'a a bakina, sai guntun Ishaya 41:10 da nake ta nanatawa, kada ki ji tsoro, ina tare da ke. Ciwon bai ɓace ba, tsoron ma bai tafi duka ba, amma na daina jin ni kaɗai ce a wurin. Da na ji kukan yaron, sai na gane abin da Yesu ya faɗa a Yohanna 16:21, cewa mace na shan wuya in lokacinta ya yi, amma murnar ɗan da ta haifa kan mantar da ita azabar. Sauran biyun da kaina na haife su, kuma ba don bangaskiyata ta ƙaru ba ne.

Saboda haka ki yi addu'a, ki kuma je awo ba fashi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko motsin jariri ya ragu, ko faya ta fashe, ki tafi asibiti nan take, addu'ar a yi ta a hanya. Masu ba ki labaran ban tsoro kuwa, ki roƙe su su dakata sai kin sauka. Abin da ke cin ranki ki faɗa wa maigidanki da ungozomarki, kada ki kwana da shi ke kaɗai.

Ki gaya mini watan da aka ba ki, zan riƙa ambaton sunanki a addu'ar safe har mu ji kin sauka lafiya.