Tumatirina ya yi ɗorawa bayan dashe, na ƙara masa ure sai ya ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina da garka a Sumarana, kusa da Maraɗi, bakin Gulbi. Bana kawuna ya ranta mini kuɗi na dasa tumatir fangali 40 a tsakiyar watan Nuwamba. Kwana uku da dashe ya yi laushi, ganyen ƙasa ya soma yin ruwan ɗorawa. Maƙwabcina ya ce yunwa ce, sai na zuba takin zamani na ure a gindin kowanne. Mako ya zagayo ban ga canji ba, na ƙara, na kuma fesa wani ruwan kwalba da na saya ranar kasuwa, mai shi ya ce bitamin ɗin shuka ne. Yanzu bakin ganyen ya ƙone, rana na ɗagawa sai su kwanta ko da na ba su ruwa, ga wani fari-fari a saman ƙasa. Don Allah wane taki zan ƙara? Wallahi barci ya gagare ni saboda bashin nan.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ƙara komai. Ɗaure bakin buhun ure ɗin nan, ka kai shi ɗaki, kwalbar kuma ka ajiye ta inda yara ba za su kai ba. Tumatirinka ba yunwa yake ji ba, ƙishirwa ce ke kashe shi alhali yana tsaye cikin ruwa, kuma takin da ka zuba ne ya jawo.

Ga abin da ya faru. Lokacin da ka cire dashe daga fangalin reno, ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa, yawancinsu sun tsinke sun zauna a can. Shukar da aka dasa sai ta yi kwana biyar zuwa goma tana jinya kafin ta fidda sababbi. A cikin kwanakin nan dole ta yi laushi da rana, kuma tana janye abincin da ke cikin tsofaffin ganyenta na ƙasa don ta gina saiwa, shi ya sa suke yin ɗorawa su zube. Wannan ba ciwo ba ne. Da ka ba ta ruwa safe da maraice ka ƙyale ta, da yanzu ta miƙe. Sai ka kawo ure ka tula mata a gindi, a kan saiwar da ke da rauni. Takin zamani gishiri ne a wajen saiwa. In ya yi yawa a ƙasa, ruwa ba ya shiga saiwa, fitowa ma yake yi, kamar yadda in ka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa za ka ga ta fara tsattsafo da ruwa. Ure kuma yana da nasa sharrin daban: kwana biyu zuwa uku da zuba shi a ƙasa mai laima yana juyewa ya saki amoniya, in an tara shi wuri guda tana ƙone saiwa kai tsaye. Farin da kake gani a sama shi ne gishirin da ruwa ya bari bayan rana ta shanye shi.

Gobe da sassafe ka bi fangalin ɗaya bayan ɗaya, duk inda ka ga sauran ƙwayar taki ko ɓawon fari a gindi ka kankare da hannu ka zubar a waje. Sannan ka cika fangali da ruwa, ka bari ya nutse, ka sake cikawa. Ka maimaita bayan kwana biyu. In ƙasarka mai yashi-yashi ce ruwan zai wanke gishirin ya kai shi ƙasa da inda saiwa take. In laka ce ta fadama, ka yi hankali, sau ɗaya ya isa kafin ta sha iska, don ruwan da ya kwanta kwana biyu yana ruɓar da saiwa, ka fita daga wata wahala ka shiga wata. Bayan haka ka shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a gindi, ka koma ban-ruwa daidai, lokaci guda kullum. Ganyen da ya riga ya ƙone ba zai dawo kore ba har abada, kada ka tsaya kallonsa. Toho za ka riƙa dubawa. In kwana goma zuwa goma sha huɗu suka wuce ka ga sabon ganye ya fito lafiyayye a tsakiya, shukar ta tsira. Ka tumɓuke guda uku daga waɗanda suka fi jin jiki ka wanke saiwarsu: fara mai ƙarfi tana da rai, wadda ta yi baƙi-baƙi tana saɓulewa a yatsa ta tafi, ka maye gurbinta in kana da sauran dashe. Kada ka ja lokaci wajen mayewar, don tumatirin da zai yi fure cikin zafin Maris da Afrilu furensa zubewa yake yi.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar maƙwabcinka, don ita ce nake fama da ita kusan kullum tun daga Jiratawa har Tibiri da Madarumfa: wai duk ganyen da ya yi ɗorawa yunwa yake ji, maganinsa ure. Ban san wata magana da ta kashe tumatir da tattasai a yankin nan kamar ita ba. Ɗorawar ganye kamar zazzaɓi ce a jikin mutum. Zazzaɓi na iya zama na sauro, na iya zama na taifot, na iya zama mura. Wane likitan kirki ne zai ce duk mai zazzaɓi a ƙara masa tuwo? Amma mu a garka haka muke yi, kuma muna yi da kuɗin bashi.

Yunwar azot ta gaskiya, wanda a Najeriya ake kira naitirojin, tana da kamanninta. Daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, ganyen ya koɗe gaba ɗaya har da jijiyoyinsa, shukar ta yi siriri, kuma ba ta zuwa kwana uku bayan dashe, sai an yi makonni shuka na girma. In tsohon ganye ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa suka zauna kore, wannan magneziyam ne. In sabon toho ne ya yi fari-fari jijiyoyi na kore, sinadarin ƙarfe ne ya gagara shiga, kuma an fi ganin haka a ƙasa mai kanwa ko wadda aka cika wa toka, ko wadda ruwa ya kwanta mata. In bayan ganye ya yi shunayya cikin sanyin Disamba da Janairu, fosfor ne saiwa ta kasa ja saboda sanyin ƙasa, sau da yawa da gari ya ɗumama yake wucewa. A duk waɗannan ukun ure ba ya gyara komai.

Sai kuma waɗanda ba ruwansu da abinci sam. Tumatir ya tsugune, ganyen sama ya ƙanƙance ya naɗe sama kamar cokali, gefensa ɗorawa, in ka girgiza shi ƙananan fararen ƙudaje su tashi: wannan cutar naɗewar ganye ce da farin ƙuda ke yaɗawa, ba ta da magani, tumɓukewa ake yi a binne. Shuka tana kwanciya da rana ta tashi da dare, ka tona ka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi: tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, tana son ƙasa mai yashi da fangalin da ake maimaita wa tumatir, tattasai, yalo ko kuɓewa shekara da shekaru. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa ƙura, bayansa da ɗan saƙa: jan gizo-gizo ne, wanda ke ƙaruwa in zafi ya shigo. Na taɓa zuwa wata garka inda dattijon ya zuba ure sau huɗu a kan tattasan da tsutsar saiwa ta cinye. Da na tumɓuke guda na nuna masa, ya daɗe yana juya saiwar a hannu, sannan ya ce shekara talatin yana noma bai taɓa duba ƙarƙashin shukarsa ba. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Malamin gona guda ake bai wa garuruwa da yawa, ba babur ba mai, shi kuwa mai sayar da magani kullum yana nan bakin kasuwa da lasifikarsa.

Dalilin da ya sa wannan ƙarya ta zauna daram shi ne wani lokaci tana yin gaskiya. A gonar hatsi ta damina, a jigawar da ta gaji, ka watsa ure bayan ruwa, kwana biyar ka ga gero ya yi kore shar. Mutum ya gani da idonsa, sai ya ɗauko wannan darasin ya kawo fangalin da bai fi taku uku ba, yana awo da hannu irin na gonar eka biyar. Kuma mutane ba sa lura da ƙarfin abin. Ure kashi 46 cikin ɗari azot ne. A buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 na azot, a buhun takin NPK 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi ne kawai. Wato kilo guda na ure ya kai kilo uku na 15-15-15 wajen azot. Ko dabarar nan ta ɗan taki a rami da masu binciken noma na cibiyar ICRISAT suka yaɗa a nan Nijar don gero, giram 6 ne na 15-15-15 ko giram 2 na takin DAP a rami guda, abin da bai wuce cikin marfin kwalbar lemo ba. Kai nawa ka zuba wa jaririn tumatir? Na tabbata cikin tafin hannu ne.

Ko shukar ba ta ƙone ba, yawan azot ba alheri ba ne. Tumatir zai yi ganye jibgi kamar kurmi, mai garka yana ta murna, fure kaɗan, 'ya'ya masu ruwa-ruwa da ba sa jure hanyar kasuwa, ga ƙwari sun samu ganye mai taushi. Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, wanda ake ta sayar wa mutane magani a kansa, kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma yawanci ban-ruwa ne na yau a cika gobe a manta, da yawan azot, ke haddasa shi.

Kwalbar da ka saya kuwa, ban ga ta ba amma na san irinta. Ba suna, ba awo, an ɗura ta daga jarka. Shuka ba ta shan bitamin irin na mutane. Akwai takin fesawa na gaskiya, yana zuwa da takarda da ke faɗin abin da ke ciki da yadda ake sirka shi, kuma ko shi ba a fesa wa shukar da ta yi laushi, balle da tsakar rana. Na ga masu haɗa ure da toka, wanda ke sa azot ɗin ya tashi iska hancinka na ji, an yi asarar kuɗi tsaf. Na ga masu narka magi da farasitamol a tukunyar feshi. Mafi muni su ne masu zuba piya-piya su fesa wa tumatir da salati yau, gobe su kai kasuwa, yaran mutane su ci ɗanye. Maganin ƙwarin da aka yarda da shi a ƙasashen Sahel yana ɗauke da lambar amincewar CSP, kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙungiyar ƙasashen Sahel ta CILSS, a jikinsa. In ba ka ga lambar ba, bar wa mai shi kayansa. Samari kuma sun ƙaro mini wani aiki: su ga bidiyo a waya ana ɗiga wa shuka ruwan kwalabe kala-kala su zo suna tambaya ina ake samu. Da yawa daga bidiyon nan na masu noman wiwi ne cikin ɗaki a ƙasashe irin Kanada, inda aka halatta shi tun 2018. A nan gidan kaso yake kai mutum, kuma shukar tukunya ƙarƙashin fitila ba ta da abin koya wa mai fangali a bakin Gulbi.

In tumatirinka ya farfaɗo, ka jira sai sabon toho ya yi ƙarfi, mako biyu ko uku daga yanzu, sannan ka ba shi 15-15-15 kaɗan, cikin marfin kwalba ga kowace shuka. Ka ja ɗan layi tafin hannu guda nesa da gindi, ka zuba, ka rufe da ƙasa, ka ba da ruwa nan take. Ure kam bana ya ishe shi, wanda ka riga ka zuba ya wuce ƙima. Baɗi in Allah ya kai mu, aikin tun kafin dashe yake farawa: takin gida da ya ruɓe sosai, kilo biyu zuwa uku a kowace mita murabba'i, a cakuɗa da ƙasa mako biyu kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙuna kamar ure, kada ka yarda da shi sai ya daɗe a rami ya ruɓe ya huce. Ka rage wa reno ruwa mako guda kafin cirewa, ka jiƙa shi sosai ranar cirewa don ya fito da ƙasarsa, ka dasa bayan la'asar.

In ka yi wankin ƙasar kwana goma suka wuce toho bai motsa ba, ko ka ga ƙulli a saiwa, ka tumɓuke biyu da ƙasarsu ka sa a leda, kada ka wanke, ka kai wa ma'aikatan noma na kusa da kai ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi. Ka tafi da kwalbar nan ma su gani. Kawunka kuma ka je ka gaya masa halin da ake ciki tun yanzu, kada ya ji a bakin wani.