"Achcha" da "aiyo" a ƙamus ɗin Oxford: sun zama Turanci ke nan?

Tambaya: Malam, na ji an ce kalmomin da muke ji a finafinan Indiya, irin su "achcha" da "yaar", sun shiga ƙamus ɗin Oxford. Ashe sun zama Turanci? Wa ya ba da izini?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. A 2015 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da "yaar", wato aboki, da "arré", wadda ake faɗa in an yi mamaki ko in za a ja hankalin wani. A 2016 sai ga "aiyo", kalmar da mutanen kudancin Indiya da Sri Lanka ke furtawa in abu ya ɓaci ko tausayi ya kama su, kusan inda Bahaushe zai ce "wayyo" ko "ayya". A 2017 aka ƙara kalmomin Indiya 70, cikinsu har da "achcha", wadda ke nufin "to" ko "madalla".

Batun izini kuwa, babu mai bayar da shi. Masu aikin ƙamus shaida suke nema. Suna bin jaridu da littattafai da rubuce-rubucen intanet, su ga ko kalma ta daɗe tana fitowa cikin jimlolin Turanci, a hannun marubuta da yawa, ba tare da an tsaya ana fassara ta ba. In ta cika wannan, sai su rubuta ta, da ma'anarta da asalinta da misalin farko da suka samu. A Indiya kaɗai fiye da mutum miliyan 100 ke jin Turanci, shaida ba ta yi ƙaranci ba.

Aro daga Indiya tsohon abu ne. Tun zamanin mulkin mallaka Turawa suka kwashi "bungalow", "shampoo", "jungle" da "pyjamas", har Henry Yule da A. C. Burnell suka tattara irinsu a littafin Hobson-Jobson a 1886. Kakin da sojojinmu ke sawa ma daga can sunansa ya fito: a harshen Urdu yana nufin launin ƙasa, Turawa suka kawo mana shi.

Amma a ganina akwai bambanci babba, kuma shi ne ya sa wannan labari ya faranta mini rai. Waɗancan yawancinsu sunayen kaya ne da wurare, Bature ya gani, ba shi da sunansu, ya ɗauka. "Aiyo" kuwa ba Bature ne ya ɗauko ta ba. Uwa a birnin Chennai da ke kudancin Indiya tana yi wa ɗanta magana da Turanci, shayi ya kife a kan littafinsa, sai "aiyo!" ta kuɓuce mata kafin ta yi tunani. Irin wannan kalma daga zuci take fitowa, mutum ba ya barin ta don ya sauya harshe. Shigarta ƙamus amincewa ce cewa Turancin da Ba'indiye ke yi a gidansa shi ma Turanci ne, ba kuskure ba.

Mu ma an bi mu ta wannan hanya: "Kannywood" ta shiga a 2020 cikin kalmomin Najeriya 29, daga baya "suya" ta biyo.

Sai dai ka kula da abu guda. Ƙamus ɗin yana nuna yankin da ake amfani da kowace irin wannan kalma, kuma yawancinsu na hira ne. In kana rubuta jarrabawa ko takardar neman aiki, bar "achcha" a gefe, domin mai dubawa ba zai karɓe ta ba.