Maigidana yana dawowa daga kamfani a fusace

Tambaya: Maigidana yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, awa 12 kullum, mako guda dare, mako guda rana. Barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan sai faɗa. Me ke damunsa? Daga wata uwargida, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, gajiya ce ta taru masa. Juya dare da rana duk mako yana rikita barci, kafin jiki ya saba an sake sauyawa. Ga ƙarar injina a kunne tun shiga har fita. Ga aljihu: mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, amma tun cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota da cefane ke cinye shi, dangi kuma na jiran nasu, ga biki ga suna. Magidanci kan haɗiye wannan saboda kunya, sai ya fito a faɗa.

Dokar ƙwadago ta ba shi hutun awa ɗaya a aikin da ya kai awa 6, da kwana ɗaya a mako. Ya nema ta hannun ƙungiyarsu ta ma'aikata. In ya kwana aiki, ki saki labule, ki janye yara, kada ya sha shayi ko goro kafin kwanciya. Ya je a auna shi ko yana da hawan jini.