Zauren Gwaggo: Ɗan farina zai tafi Jidda, bakina ya yi nauyi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Kassala nake rubuto miki, amma mu mutanen Wad Madani ne, yaƙi ya kawo mu nan a ƙarshen 2023. Ɗan farina, shekararsa 21, ya samu bizar aiki a wani gidan abinci a Jidda, agashe, wato tsiren Sudan, zai riƙa gasa musu. Bayan sallah zai hau jirgin ruwa daga Suwakin. Kin san al'adarmu, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi doguwar hira ba. Mahaifiyata ce ta raine shi, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa. Ita ce take ba mu labarin wata Bayahudiya, matar wani mai kantin yadi a kasuwar Madani, wadda ta yi wa wanki tana budurwa. Ta ce duk ɗan matar nan da zai tafi karatu Masar sai ta zaunar da shi, ta dafa kansa ta yi masa addu'a, ta sa masa 'yan kuɗi a aljihu ta ce ba nasa ba ne, in ya sauka ya ba mabukaci, kuma ya rubuto mata wasiƙa kafin kowace Asabar. Na so in yi wa nawa haka, sai maigida ya ce me za mu koya wurin Yahudawa, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa. Shin laifi ne? Kuma me zan ce wa yaron da ko ido ba ma haɗawa?

Uwar ɗan fari, Kassala

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Inna, ya kai yaro lafiya, ya mayar da ku gidanku.

Zafin da Malam yake ji a kan Falasɗinu ni ma yana cina, ba zan raina shi ba. Amma matar da Inna ta yi wa wanki maƙwabciya ce a Madani, uwa ce mai fargabar ɗanta kamar yadda kike yi yau. Yahudawan Sudan ba su taɓa yawa ba, ko lokacin da suka fi cika ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba, a Khartum, Omdurman, Madani da Port Sudan, akasarinsu 'yan kasuwa. Malaminsu Sulaiman Malka ya zo a 1906 ya rasu a 1949. Daga 1956 suka fara watsewa, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 kuwa kusan ba wanda ya rage. Ki tuna wa Malam, cikin ladabi, cewa a Bukhari Manzon Allah (SAW) ya ce a ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, kuma ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓo wa iyalinsa. Ba addu'arsu za ki karanta ba, kina da taki. Dafa kan ɗa, sadaka da neman labarinsa kuwa, babu wanda ya hana mu.

Kuɗin aljihun nan da Inna ta gani al'ada ce sananniya a cikinsu har gobe. Suna ba matafiyi ɗan abin da zai yi sadaka da shi in ya isa, don ya zama ɗan aiken alheri, suna fatan Allah ya tsare ɗan aike har ya isar. Abin da ya burge ni a ciki shi ne yaro yana sauka baƙuwar ƙasa, bai san kowa ba, amma aikinsa na farko bayarwa ne. Ki yi masa. Ko riyal goma ne.

Akwai wata uwa cikinsu da na daɗe ina jin ta a raina, sunanta Glikel. An haife ta a Hamburg ta ƙasar Jamus wajen 1646, aka aurar da ita tana shekara 14, ta haifi 'ya'ya 14. Mijinta ya rasu a 1689 ya bar mata cinikin zinariya da lu'ulu'u da tarin marayu, ta ɗaura ɗamara tana zuwa kasuwannin Leipzig da kanta. A 1691, da dare ya riƙa hana ta barci, ta ɗauki alƙalami ta fara rubuta wa 'ya'yanta tarihin gidansu da nasiharta cikin Yidish, yaren Yahudawan Turai. Ta rasu a Metz ta Faransa a 1724. Nasiharta ta 'yar kasuwa ce: ku riƙe gaskiya a sha'anin kuɗi da Bayahude da wanda ba Bayahude ba, in dukiyar wani tana hannunku ku kula da ita fiye da taku. Ba da ka take magana ba, domin ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya buɗe kanti a Berlin, sakaci da yarda da mutane suka jefa shi cikin bashi, ita ta je ta fid da shi.

A cikin rubutun ta kawo labarin wani tsuntsu da zai haye da 'ya'yansa uku teku ana iska. Ya ɗauki na farko, a tsakiyar ruwa ya tambaye shi, in na tsufa za ka yi mini irin wannan? Ya ce zan yi, kai dai ka fid da ni. Uban ya ce maƙaryaci, ya sake shi. Na biyu ma haka. Na ukun ya ce, Baba, ba zan iya yi maka wannan alkawari ba, amma abin da kake yi mini yau zan yi wa 'ya'yana. Shi uban ya kai gaci.

Labarin yana da ɗaci, kuma mu Musulmi ba mu sauke wa ɗa haƙƙin iyaye ba, yana nan a Suratul Isra'i. Amma na kawo miki shi ne saboda abin da idona ya gani a Jidda, a unguwar Karantina. Wani yaro ɗan Gadarif, sa'an ɗanki, su shida a ɗaki ɗaya, abincinsa burodi da shayi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wayarsa tana ƙara, ya duba, ya kife ta a kan katifa. Na ce wa ke kira? Ya ce, "Gwaggo, gida ne, kuma ba ni da abin turawa." Uwarsa ce, muryarta yake marmari, amma duk kira sai ya ƙare da maganar Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Wallahi na koma masauki ina hawaye. Na san halin da kuke ciki, gudun hijira ba wasa ba ne, kuma kuɗin yaron nan kuna bukatarsa. Duk da haka kada ki yi masa sallama da "ka tuna nonon da ka sha". Ku yanke abin da zai riƙa turowa a wata daidai ƙarfin albashinsa, sannan ki gaya masa ɓaro-ɓaro cewa ranar da babu ko sisi ma ya kira, ke muryarsa kike so. Ku sa rana ɗaya tsayayya, kamar yadda Bayahudiyar Madani ta sa Asabar. Juma'a bayan la'asar ta yi.

Batun kunyar ɗan fari kuwa, ni ma a cikinta na tashi, kuma ina ganin kyanta. Sai dai da can akwai kaka a tsakani, ita take faɗa wa yaro abin da uwa ta haɗiye. Yanzu Inna ba ta nan. In kin yi shiru, zai hau jirgi babu wanda ya gaya masa komai. Ba sai kin kira sunansa ba. Daren da zai tashi ki dafa jabana, gahawarmu ta gida, ki kira ƙanwar babansa ta zauna tsakaninku, ki riƙa kallon tabarma in ya fi miki sauƙi, amma maganar ta fito daga bakinki.

Kada ki tsawaita, yaro mai zumuɗin tafiya ba ya riƙe huɗuba. Wanda na fi so ki nanata masa shi ne kada ya karɓi saƙon kowa a Suwakin, ko ƙullin magani ne, ko da mai bayarwar ɗan unguwarku ne, sai an buɗe a gabansa. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, kuma wanda aka kama da jaka a hannu shi ake tambaya. Fasfonsa ya zauna a wurinsa, dokar ƙasar ba ta ba kafili, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ikon riƙe shi ba. Ya ɗauki hoton fasfon da iƙamarsa, wato takardar zama, da takardar aikin ya turo gida. Kada ya sa hannu a farar takarda, kada ya tsaya wa kowa lamuni, in kuma ya ba da bashi ko ya karɓa, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan haka ta sauka. Naman maigidansa amana ne, kada ya yanka wa abokai tsire a bayan ido. In rigima ta haɗa su da kafili kada ya gudu, don in aka kai rahoton ya tsere zai iya zama marar takarda, ya nemi babba tukuna. Shi ya sa tun yanzu Malam ya nemo dattijo ɗaya cikin mutanenmu na Jidda, a ba yaro lambarsa, a ba dattijon amanar yaro. Uwar Annabi Musa ma da ta sa jaririnta a ruwa da umarnin Allah, sai da ta ce wa yayarsa ta bi sawunsa.

Sallah ba sai na ce miki ba, Makka na kusa da shi, ya yi wa Inna umara in ya natsu.

In kin gama, ki dafa kansa ki karanta masa abin da Manzon Allah (SAW) yake faɗa wa matafiyi: Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika. In kika ga murya za ta ƙi fita a daren, ki sa ƙanwarsa ta ɗauki maganarki a waya tun da rana, a tura masa kafin ya kai Suwakin. Ki rubuto mini in ya sauka.

Gwaggo