Amsa ga ɗana kan Fijon mahaifinsa

Assalamu alaikum ɗana. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya, ya kai haske kabarinsa.

Saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Kana tambaya ko al'ada ta yarda ranar sadakar arba'in a turo Fijon mahaifinka ƙofar gida, a wanke ta, a jingina hotonsa a gilashi, masu zuwa addu'a su ɗauki hoto da ita, kamar yadda ka ga Turawa suna yi wa masu son tsofaffin motoci. Da na karanta sai da na yi murmushi, domin mahaifinka ko ɗan yatsa ba ya bari yaro ya ɗora a jikin motar nan. Daga baya kuma gabana ya ɗan faɗi.

Ku kun tashi kun same ta a rumfa, lulluɓe da tamfol. Ni na san ranar da ta shigo gidanmu. Lokacin Yaya yana gyaran injin jirgi a reluwe nan Zariya. Da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi babur da rediyo, shi kuwa ya haɗa da ɗan abin da ya tara ya sayo 404 ta hannu. Sitiyarinta a dama yake, saboda an shigo da ita tun kafin a sauya hannun tuƙi a watan Afrilun 1972, giyarta kuma a jikin sitiyari. Abokansa suka yi ta ce masa ya ƙara haƙuri, ga kamfanin Fijo ya fara haɗa mota sabuwa dal a Kakuri, Kaduna. Amsarsa ɗaya ce, wadda ya gada daga kakarku: da tsohuwar zuma ake magani.

A cikinta aka ɗauko mini amarya, gwaggonku. Tsakiyar damina ne, ƙauyensu kuma can ta wajen Soba, sai an sauka daga titi an bi burji. Mun ɗauko ta da yamma, ita da ƙawarta da wata tsohuwa a baya, ni da Yaya a gaba. Muna isowa rafin da muka haye da safe ruwa iya idon sawu, muka tarar ya kawo. Yaya ya fita ya shiga da ƙafa ya gwada, ya dawo ya yi bismilla, ya sa giya ta ɗaya. Saura kaɗan mu fita mota ta yi tari ta mutu. Tsohuwa ta kama salati, amarya tana kuka cikin mayafi. Shi kuwa ko gezau. Ya kira samarin da ke kiwo a gaɓa, muka tura ta tudu. Ya cire sabuwar rigarsa ta biki, wadda bai taɓa sawa ba sai ranar, ya buɗe gaban mota ya kwance filogi huɗun ɗaya bayan ɗaya, yana goge su da hannun rigar, yana hura su, ni ina riƙe masa tocila. Magana yake yi da ita a hankali kamar mai lallashin doki. Da ya gama ya ce kowa ya yi shiru. Murɗa makulli ɗaya ta tashi. Ƙawar amarya ta rangaɗa guɗa a dokar dajin nan. Mun iso gida bayan isha, abokin ango kuma babban wansa da singileti, baƙin mai har gwiwar hannu. Mahaifinmu ya dube shi ya ce, wanda ya san ciwon abin hawansa ba ya kwana a hanya.

Bayan ya yi ritaya, kowace Asabar sai ya tayar da ita, ko ba inda za shi. Ya duba ruwan lagireto, ya wanke kabireta da fetur a cikin tsohon gwangwanin madara. In ya ji labarin matacciyar 404 a wani gareji, ko a Funtuwa take sai ya je ya ciro abin da zai ciro. Matan unguwa nawa motar nan ta kai asibiti haihuwa da tsakar dare, Allah kaɗai ya sani, kuma bai taɓa karɓar kuɗin mai ba.

Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne, a duk saƙonka ban ga inda ka ambaci mahaifiyarka ba, ko 'yan'uwanka mata. Mahaifinmu yakan ce da zarar an ɗaga makara, ko allurar mutum ta tashi daga tasa. Motar nan yanzu ta magada ce, ku takwas da mai takaba, kuma ba a raba ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na ga gidajen da zumunci ya watse a kan abin da bai kai tayarta ba. Ku yaran yanzu komai sai an ɗauka a waya an watsa. A zamaninmu mai zuwa gaisuwa tabarma yake nema, ya yi addu'a, a miƙa masa gumba ko waina ya tashi. Ita kanta sadakar arba'in ɗin malamai ba su haɗu a kanta ba, balle a ƙara mata hoto. Ni ban taɓa ganin an yi ba, iyakar abin da zan ce ke nan a kan al'ada.

Amma na ji daɗi da ka damu da ita, wallahi na ji daɗi. Na ɗauka za ku kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko. Makullin yana wurin mahaifiyarka, ka durƙusa ka roƙe ta, kada ka aika yaro. In ta ba ka, ka taho da batir da galan ɗaya na fetur. Tun da Yaya ya kwanta jinya ba wanda ya tayar da ita, kuma akwai yadda ake taka mata totur sau biyu kafin a murɗa makulli, zan nuna maka.