Ku Tambaya Mu Amsa: Yaya Ake Gane Sijar Mai Kyau?

Wasiƙun wannan watan sun taru ne a kan sijar, tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla babu takarda. Yawancinsu daga 'yan'uwanmu ne masu aiki a otal-otal da gidajen masu hali a Jidda da Riyad.

Assalamu alaikum. An mayar da ni sashen sijar a otal ɗin da nake aiki. Baƙi na tambayata wacce ta fi kyau, ni kuwa farashi kaɗai na sani. Da me masana ke gane ta ƙwarai? Mai karatu daga Karantina, Jidda.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma rabin hukuncin sijar ana yanke shi tun ba a kai mata wuta ba.

Sijar hawa uku ce. Akwai ganyen ciki, akwai ganyen da ke ɗaure shi, sai riga, wato ganyen waje da ido ke gani. A ta ƙwarai, ganyen ciki dogaye ne, daga kai har gindi, ba guntaye ba. Su ma iri uku ake haɗawa: na ƙololuwar shuka da masu sana'ar ke kira ligero, shi ne mai ƙarfi da jinkirin cin wuta, don haka a tsakiya ake sa shi, na tsakiyar shuka, seco, shi ke kawo ƙamshi, na ƙasa, volado, aikinsa riƙe wuta. In mai naɗi ya kuskure wurin zaman ligero, gefe ɗaya zai riga ɗaya ƙonewa, komai tsadarta.

Fara da ido. Riga ta zama launi ɗaya, da ɗan sheƙin mai, jijiyoyinta sirara, babu tsaga. Kada duhun launi ya ruɗe ka. Baƙar riga, wadda ake kira maduro, ta daɗe ne a wajen ruɓarwa, sau da yawa zaƙi-zaƙi take bayarwa, ƙarfi kuwa daga ciki yake fitowa. Rigar ganyen Kamaru ma tana da ƙuraje-ƙuraje kamar fatar zabo, kuma ana nemanta saboda haka, ba aibi ba ne.

Sai yatsu. Matsa ta a hankali daga kai zuwa gindi. Ta ɗan lotsa ta dawo. In ka ji wani wuri ya yi tauri kamar ƙulli, ganye ya cushe, hayaƙi ba zai wuce ba. In wani wuri ya yi rami, ganye ya yi kaɗan, wuta za ta yi gudu ta yi zafi. In rigar na ƙarar busasshen ganye, ta bushe.

Sai hanci, a gindinta inda ganye yake a buɗe. Ƙamshin ciyawar da aka shanya, ko jima, ko koko, ko ƙasa bayan ruwan farko, duk alheri ne. Zarni mai hawa kai yana nufin ganyen bai gama nuna ba, a ajiye ta wata biyu ko uku. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba kuwa funfuna ce.

Sauran rabin na mai sha ne, amma ya kamata ka san abin da yake dubawa. Ana yanke milimita 2 zuwa 3 ne kawai daga hular kan, wato ɗan ganyen da ya rufe gefen da ake sawa a baki. In an zarce, rigar ta warware. Kafin wuta ana ja sau ɗaya: iska ta shigo da ɗan turjiya, ba a sake kamar bututu ba, ba kuma sai an yi kokawa ba. Wutar ta zama ta gas ko ashanar itace bayan kanta ya gama ci. Kyandir da laita mai fetur suna bar mata warinsu. Ana gasa gindin ana juyawa har ya yi baƙi zagaye, sannan a ja. Hayaƙin ba a haɗiye shi, a baki ake juya shi a fitar, wasu su saki kaɗan ta hanci domin a can ƙamshi ya fi bayyana. Ja ɗaya a kusan kowane minti ya isa. Mai gaggawa shi ke jawo ɗaci da ƙauri, sannan ya ɗora laifin a kan sijar.

Masu auna ɗanɗano suna raba ta kashi uku. Na farko yakan zo da yaji, na tsakiya ne ke nuna ainihin haɗin, na ƙarshe ya yi nauyi. Wadda ɗanɗanonta ke sauyawa a hankali ba tare da bauri ba ita ake yabo. Wadda ta tsaya a abu ɗaya daga farko har ƙarshe, ko ta yi daɗi, ba ta kai ba. Suna duba layin wuta ya tafi daidai, toka ta riƙe santimita 2 zuwa 3 kafin ta faɗi. Farin toka da wasu baƙi ke murna da shi ba shaidar inganci ba ne, daga ma'adinan ƙasar da aka noma ganyen yake. Kuma ƙarfi daban, kyau daban: ganyen Esteli ta Nikaraguwa ya yi suna da yaji, na Jamhuriyar Dominika yakan fi sanyi, na Buwelta Abajo ta Kuba yana da ƙamshin ƙasa, ba wanda ya fi wani sai ga mai sonsa. Don haka in baƙo ya ce wacce ta fi kyau, kai ma tambaye shi: mai sanyi ko mai nauyi, kuma minti nawa gare shi? Girman da ake kira Robusto, mai tsawon kamar inci 5, yana cin abin da ya kusa awa ɗaya. Abin sha a gefe ruwa ya fi. Gahawarmu ta nan Saudiyya, mai kayan ƙamshin hel da yawa, tana rufe harshe.

Ni ke kula da majalisar maigidan da nake wa aiki. Ya ce sijar ɗinsa na fashewa, kuma ƙamshinsu ya sauya. Akwatin yana kan tebur, kullum ina goge shi. Laifina ne? Wata Hajiya daga Riyad.

Hajiya, laifin iskar Riyad ne da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Sijar tana son laima kashi 65 zuwa 70 cikin 100, da sanyin digiri 18 zuwa 21. Riyad busasshiya ce, mukayyif kuma yana ƙara tsotse ɗan danshin da ya rage. Ganyen waje siriri ne, shi ke fara bushewa, da an kunna na ciki ya kumbura, sai ya tsage.

Ki duba abin riƙe ruwan da ke manne a murfin, wataƙila ya ƙafe. Ruwan turiri, wato tataccen ruwa marar gishiri da ake sayarwa a kantin magani, za ki zuba, ba na famfo ba, don gishirinsa na toshe shi. Kada ki fesa wa sijar ruwa, kada kuma ki cika akwatin da danshi rana ɗaya. A hankali ake dawo da su, mako biyu zuwa huɗu, in ba haka ba fashewar ta fi ta da. Wadda ta daɗe a bushe ta rasa manta, laushi zai dawo amma ƙamshi ba zai dawo duka ba. Ma'aunin laimar ma yana ƙarya. Ki cika murfin gora da gishiri, ki ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ki rufe shi da ma'aunin a leda mai zif ya kwana. A wannan gwajin, ma'auni mai kyau 75 zai nuna. Abin da ya nuna sama ko ƙasa da haka shi ne kuskurensa.

Sauyin ƙamshin kuwa, muna zargin kasko. Ganyen taba yana shan duk abin da ke kusa da shi. In ana turara majalisa da bahur ko itacen ud, akwatin ya zama a rufe, nesa, kuma kada a taɓa cikinsa da hannu mai turare ko man goge katako.

Abokina ya ce tunda ba a haɗiye hayaƙin, sijar ba ta cutarwa kamar sigari. Haka ne? Wani matashi daga Dammam.

Ba haka ba ne, ƙanena. Nikotin ɗinta ta fatar baki yake shiga jini, shi ya sa sabon shiga ke jin jiri da tashin zuciya. Babbar sijar ɗaya tana iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari guda. Tana jawo kansar baki, ta maƙogwaro da ta hanyar abinci ko ba a haɗiya ba, na kusa kuma yana shaƙa. Ta fuskar addini, manyan malaman ƙasar nan, irin su marigayi Shaikh Bin Baz, sun yi fatawar haramcin taba, ba su ware wata iri ba. In ba ka fara ba, kada tsadarta ta sa ka fara.

An kawo mini sijar Cohiba ta Kuba guda 25 a akwati mai murfin gilashi, da araha sosai. Biyu a ciki suna da ƙananan ramuka. Mai shago daga Jidda.

Alhaji, araha ba ta ado. Tun watan Yunin 2017 Saudiyya ta sa wa taba harajin kashi 100 cikin 100, don haka mai araha sosai akwai magana. Cohiba, wadda aka fara naɗawa a 1966 aka fito da ita kasuwa a 1982, tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma akwati mai murfin gilashi sanannen tambarin jabun ne. Na gaske yana da koren hatimin gwamnatin Kuba mai lambar da ake tantancewa a shafin intanet na Habanos, kamfanin da ke rarraba sijar Kuba, a ƙasansa kuma an buga "Hecho en Cuba" da wata da shekarar cikawa. Ka sadaukar da ɗaya ka tsaga ta: in ka ga guntaye da kara da ƙura maimakon dogayen ganye, an gama magana.

Ramukan na ƙwaron taba ne, wanda ƙwansa ke ƙyanƙyashewa in zafi ya haura abin da muka ambata a sama, kamar a but ɗin mota da rana. Ka jefar da masu ramin, ka nisanta akwatin da sauran kayanka yau ɗin nan. Duk wata sijar ta ƙwarai da ta zauna kusa da shi, ka rufe ta a leda biyu: kwana 1 a firij, kwana 3 a firiza, kwana 1 kuma a firij, sannan ta huce a ɗaki cikin ledarta kafin ta koma akwati.